Likkafani a Cikin Gora

Ta yaya ya shigar da shi? Tambayar da ta hana ni sakat ke nan tun da na fita takaba. Likkafanin namiji cikakke, farin alawayyo, a cikin gora mai wuyan da yatsuna uku ba sa shiga sai da dole. Na gwada da zanena, na gwada da kallabina mafi laushi, rabi yake shiga ya cunkushe a wuya, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Shi kuwa ya shigar da nasa duka, har ya bar wurin matoshi. Ina ƙauyen Gamu wajen suna ranar da ya yi aikin. Da na dawo na tarar da gora a rataye, shi kuma yana zaune a ƙarƙashinsa yana ta murmushi. Na tambaye shi, ya ce ranar da na tuƙa tuwo ba gudaji zai koya mini. Tuwona bai taɓa yin gudaji ba, shi ma ya sani. Haka ya tafi da abinsa.

Malam Abba maƙwabcinmu ne yake rubutawa, ni ina faɗa, don a kai wa ƴarmu Amsatu da dangin maigidana na garin Bune da nisa ya hana su zuwa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Ban kira shi yana da rai ba, ba yanzu zan fara ba. Ku dai kun san shi da Baba Yamutse, haka duk garin nan namu na Gure yake kiransa, yana kuma amsawa. In kuka ga tawada ta bazu a wani wuri, ni ce na matso kusa da takardar ina kuka.

Kun san yadda yake shiga gidan mutane. Sallama tana bakinsa, ido yana yawo. Da ya hangi abu a ninke, zane ne, buzu ne, ko tabarma da aka karya biyu aka jingine, gaisuwa ta tsaya ke nan. Zai miƙa hannu ya warware, ya kakkaɓe. In tabarma ce ya naɗe ta, in tufa ce ya dunƙule ta kamar curin fura ya mayar inda ya ɗauko, sannan ya juyo ya tambayi lafiyar iyali. Matan unguwa in suka ji tarinsa a zaure sai ka ga ana rige-rigen ɓoye wanki.

Abin da ya tsana a duniya shi ne kari, layin nan da ninki yake bari a jikin tufa. Yakan ce wanda ya raɗa wa abin suna ya san abin da yake yi, kari da karyewa ƴan ɗaki ɗaya ne. Ka ninke zane yau a wuri guda, gobe hannunka da kansa zai koma wurin, zanen ma ya riga ya koya, can zai lanƙwasa. Kafin ka farga zaren wurin ya gaji, wata rana ka ɗaga sai ya rabu biyu. Amma in ka yamutsa shi, yau nan ne ya sha wuya, gobe can, wahalar ta rabu a kan kowa. Yana faɗa yana girgiza kai, sai ka ce maganar aikin hanya na dole yake yi, na kumandan Baturen mulki, wanda in aka ɗora wa gida ɗaya sai gidan ya watse.

Ni ban san da wannan ba sa'ad da aka kawo ni. Sallar farko da na yi a gidansa na so in burge shi. Na ɗauki babbar rigarsa ta shuni a ɓoye na kai wa mabuga. Suka buge ta har tana ɗaukar ido, suka ninke, kari ya fito tsaf kamar an ja shi da wuƙa. Ado ke nan ai, namiji ya fita Idi kari yana kwance a ƙirjinsa da bayansa, kowa ya san riga ta sha bugu. Na ɗora ta a faifai na kai masa ina sunkuyar da kai. Ya dubi riga, ya dube ni, ya tambaya wa ya yanka masa riga. Sai ya yayyafa mata ruwa, ya cukuikuye ta, ya zauna a kai har ya gama ɗaura rawani. Haka ya fita Idi kamar busasshen ganyen taba. Kafin azahar gwaggonsa ta aiko a tambaye ni ko akuya ce ta tauna rigar. In akuya ce a ɗaure ta, in kuwa ni ce a mai da ni gidanmu a ƙara koya mini aiki. Na shiga ɗaki ina kuka. Ya leƙo ya ce, "Fanna, share hawayenki. Rigar nan sai ta binne mabugan."

Ta kuwa binne su, su biyun. Tana nan a ɗakina, a dunƙule, ko huji babu.

Sana'arsa ɗaurin kaya ce, kun sani. Fatake masu zuwa Damagaram da Nguru da kanwa da fatu da tabarmin kaba, shi suke kira ya ɗaure musu, suna zaginsa suna kiransa. In kayan mai fashewa ne, tukwane ko ƙore, sai ya yi ta cusa yamutsattsen ganyen kaba da tsummoki a tsakani har mangala ta kumbura. Ya ce abu shimfiɗaɗɗe rago ne, iska ma tana lanƙwasa shi. Amma da ka dunƙule shi sai ya yi ƙashi a ciki, kowane lanƙwasa ya tokare ɗan'uwansa, kana matsawa yana ƙara taurin kai. Wani farke ya ce masa duk wannan surutu ne, cin wuri kawai yake yi, jaki yana ɗaukar iska maimakon kaya. Maganar cin wuri gaskiya ce, shi ya sa ta yi masa zafi.

Ya dawo gida yana huci. Damina ce, na samo ƙwan zabi na ajiye don mu ci da yamma. Yana da tarin takardar nan shuɗiya da ake naɗo sukari a ciki, wadda kukun kumandan yake zubarwa shi kuma yana tsinta. Ya yamutsa ta ya yi wa ƙwan gida, ya ƙara yamutsawa ya rufe, ya ɗaure da kaba. Ina cewa me za ka yi, ya ja baya ya wurga ƙunshin sama. Ya yi niyyar ya faɗo a tsakar gidanmu. Sai ya haye danga ya sauka gidan Gaji, maƙwabciyarmu.

Kunya ta hana shi binsa nan take. Ya zauna ya tashi, ya zauna ya tashi. Da ya kasa haƙuri ya zagaya ya yi sallama, ƙamshi ya riga ya cika gidan. Gaji ta ce tana cikin tunanin abin da za ta ba yara sai Allah ya jefo mata ƙwai daga sama, a naɗe. Bai ce nasa ba ne. Ta cikin danga ina jinsu.

"Gaji, da kika buɗe, a fashe suke?"

"Lafiyarsu ƙalau, Baba. Ni na fasa su da hannuna."

Ya shigo yana taku ɗaiɗai, ya ce kin ji ko. Na ce na ji, cikina ma ya ji. Muka ci tuwo da miyar kuka tsura, yana ta yaba takarda. Farken da ake yi dominsa kuwa tuni ya kama hanyar Nguru, bai ma san an yi ba.

Na daɗe ina ɗaukar abin nasa taɓuwa ce irin wadda ba ta cutar da kowa. Sai ranar da ya sayo alawayyon nan wajen wani mai koli daga Kano. Bai bari mai kolin ya ninke ba, a kafaɗa ya ɗauko shi yana ja kamar mai tallan igiya. Na ce lafiyarka ƙalau, me ya kawo likkafani gidan nan. Sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ku na Bune, tsofaffinku sun san shi. Mahaifinsa ya tanadi likkafaninsa tun da sauran ƙarfi, ya ninke shi da kyau ya sa a adudu, yana ciro shi lokaci lokaci ya duba ya mayar a kan ninkinsa. Ranar da ya cika aka ce a kawo. Shi ne babba, shi ya ɗauko. Yana warwarewa a gaban jama'a sai ƙyallen ya yi ta rabuwa a hannunsa, duk inda kari ya bi ya tsage, ya zama gutsattsari. Aka bi gida gida ana neman fari. Da haɗe-haɗe aka rufe tsohon, har da gefen zanen wata mata. Ya ce har ranar da yake ba ni labarin yana jin ƙarar tsagewar a kunnensa.

Sai ya sauko da goran nan, goran tafiya na mahaifinsa, abu ɗaya da ya rage masa na tsohon. Ya sa na yi alkawari biyu. Likkafaninsa ba za a ninke shi ba ko sau ɗaya, ba kuma za a rufe shi da wani mai kari ba. Goran kuma ba za a fasa shi ba, Amsatu za a kai wa. Na ce na ɗauka, don a lokacin ban ga inda alkawuran biyu za su yi karo ba.

Amma kafin ya sa shi a gora sai da ya ce yana so ya ga yadda tufa take kwanciya a jikin mamaci. Da hantsi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya miƙe, ya ce in naɗe shi da tsohon farin gwadonmu, in ɗaure ƙafa, in ɗaure kai. Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce in ban yi ba zai kira ƙanensa Kyari, shi kuwa Kyari ko kayan jaki bai iya ɗaurewa ba. Na naɗe shi. Daga ciki yake ba ni umarni, ja nan, sassauta can. Duk inda na lallaɓe, sai tamoji ya tsallaka wani wuri. Na gyara kafaɗa, wuya ya tattare. Na gyara wuya, ciki ya tattare.

Muna cikin haka Gaji ta shigo ɗiban wuta. Ta ga fari a miƙe, ƙafa a ɗaure, ni kuma a durƙushe a kai. Ta yar da kasko ta fita da kururuwa. Na bi ta in yi bayani, dariya ta shaƙe ni, hawaye yana zuba, na kasa fitar da kalma ko ɗaya. Duk wanda ya gan ni sai ya ce in yi haƙuri. Kafin in dawo hayyacina gida ya cika. Kyari yana share ido da hannun riga, liman ya iso. Shi kuwa mutumin naku ya yi lamo, wai yana so ya ji abin da za a faɗa a kansa. Da ya ji da yawa, don an fara yabonsa. Sai wani ya ɗauko buzu zai ba liman, ya ga wuri ya yi kaɗan, ya karya shi biyu. Gwadon ya tsufa, ana gani ta cikinsa.

Gawa ta ce, "Wa ya ninke buzun nan?"

Ban taɓa sanin liman yana da gudu ba. Takalmansa sai da la'asar aka aiko a karɓa. Kyari ya bi ta kan danga, dangar ta bi shi. Gaji kuwa ta daɗe ba ta yi masa magana ba, ta ce ya ci mata hawaye a banza, kuma ba za ta sake ba.

Da gida ya watse na kwance shi, sai na ga ba dariya yake ba, tunani yake. Ya ce ya gane abu ɗaya. Mutum ba allo ba ne, shimfiɗaɗɗen ƙyalle ba zai zagaye kafaɗa da ƙugu ya zauna sumul ba, dole ya tattare a wani wuri. Saboda haka ya yafe wa tamoji, shi da kari kawai yake faɗa. Ya dubi fuskata ya ce ga shaida ma, duk ta tattare amma ba inda ta tsage. Na jefe shi da ludayi.

Ciwon da ya tafi da shi bai daɗe ba. Ƙirji ne, da sanyin bana. Ranar ƙarshe da hantsi ya buɗe ido ya dubi goran da yake rataye, ya yi mini magana. Na ɗauka zafin jiki ne yake sa shi sambatu, na ce to, na gyara masa mayafi. Bai sake cewa komai ba. Kafin azahar ya cika.

Da aka fita da labari mutane suka yi ta zuwa a hankali, kowa yana leƙe, don an taɓa yi musu. Gaji ta shigo. Ta ɗauki tabarma ta tsaya a bakin ɗakin da yake kwance, ta karya ta biyu, ta sake karyawa, ta danne da gwiwa. Muka yi tsit muna jira. Ba wanda ya tambayi wa ya ninke. Nan Gaji ta zube a kan tabarmar ta fasa kukan da ta rantse ba za ta sake yi ba.

Aka yi masa wanka. Kyari ya zo bakin ƙofata ya ce in kawo likkafani. Na sauko da gora na cire matoshi, ga bakin ƙyallen nan a murɗe kamar igiya. Na ja, kamu guda ya fito, sai ya tsaya. Na ƙara ja, ya ƙara cijewa. Kyari ya karɓa ya sa ƙarfi har na ji zare yana kuka, na fizge daga hannunsa. Duk abin da yake ciki ya taru a gindin wuya ya zama dunƙule, irin taurin kan nan da mai shi yake yabo. Aka aiko daga waje cewa kabari ya yi, rana tana tafiya. Aka sake aikowa. Liman ya ce a gaya mini yana da sabon alawayyo a akwati, a ninke, in na yarda a ɗauko. Kyari kuwa ya tafi ya dawo da taɓarya.

Ya ce, "Yaya Fanna, gora ne fa kawai. Ba zai sani ba."

Na ce ni zan sani.

Na zauna a ƙasa na rungume goran. In an fasa, na karya alkawari ɗaya. In an ɗauko na liman, na karya ɗayan. Mutum yana kwance yana jirana, ga maza cike da ƙofar gida suna jira. A nan maganarsa ta hantsi ta faɗo mini, na gane ba sambatu ba ce.

Na daina ja. Na sa yatsa na mai da ƙyallen ciki, har abin da ya riga ya fito na tura kaɗan. Kyari ya ce ya haka, fitarwa ake nema ba shigarwa ba. Ban kula shi ba. Na juya goran a cinyata, na murɗa ƙyallen ta inda yake a murɗe, sai na ji wani abu ya saki a ciki. Taƙi guda ya fito. Ya sake cijewa, na sake mayarwa, na juya, ina yi masa magana ƙasa ƙasa, ban ma san me nake cewa ba. Haka muka yi ta yi, ya ba ni kaɗan in mayar masa kaɗan, kamar tatsar saniya mai gardama, har jelarsa ta zame ta faɗo a ƙafata.

Aka warware shi a tsakar gida. Tun daga wannan baki har wancan a yamutse yake, ƙananan tamoji ko'ina, kamar ruwan tafki in iska ta shafa shi. Kari ko ɗaya babu. Liman ya ɗaga shi a rana ya ja da hannu biyu, bai ko yi ƙara ba. Ya ce shi dai tun da yake sallar gawa bai taɓa ganin likkafani mai wannan kama ba. Kyari yana kuka yana dariya ya ce ai gara haka, ko daga nesa aka hango shi an san mai zuwa. A shimfiɗe suka auna shi da hannu suka yaga, ba wanda ya kuskura ya ninka. An ce ya kwanta a jikinsa lif, ya tattare inda ya kamata ya tattare.

Amsatu, ga goran kakanki nan, ko tsaguwa babu. Na ce wa Malam Abba in ya gama kada ya ninke takardar nan, ya naɗe ta ya zura a wuyan goran. Yana dariya wai in ta maƙale yaya za ki karanta yadda ake cirowa. Na ce ke ƴar ubanki ce, za ki iya. Yadda ya shigar ne dai ba wanda zai gaya mana kuma.

Gidan ya yi mini faɗi. Jiya na tsinci hannuna yana ninke zane, na tsaya ina jiran a yi mini faɗa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya shimfiɗa masa kabarinsa ya yalwata shi. Allah ya haɗa shi da mahaifinsa cikin sutura wadda ba ta tsagewa, ya sa in tawa ta zo in same shi. Amin.

Malam, rubuta wannan a ƙarshe, yadda ya faɗa da hantsin ranar da ya cika, kada ka gyara. Ya dubi gora, ya kama yatsana, ya ce:

"Fanna, in ya ƙi fitowa kada ki ja. Mayar da shi ciki, ki juya, ki lallashe shi. Yadda kika yi ta yi da ni."